Kafin Ka Sayi Hannun Jari, Tambayi Lambarsa

A farkon shekarar 2024 ne bankin nan na gwamnati, Crédit Populaire d'Algérie, wanda aka fi sani da CPA, ya fito da wani kaso na hannun jarinsa ya sayar wa jama'a a kan dinari 2,300 kowane ɗaya, inda ya tara kuɗi fiye da dinari biliyan 112. Da shekara ta kewayo sai bankin BDL shi ma ya bi sahu, ya sayar da nasa a kan dinari 1,400. Tun daga nan maganar hannun jari, wadda a da muke yi wa kallon harkar manyan attajiran Alje, babban birnin ƙasa, ta gangaro kudu har ta iso majalisunmu na shan shayi a nan Abalessa da cikin garin Tamanrasset. Ga kuma 'yan'uwanmu na Agadas da Maraɗi da Kano da ke aiko mana da labarin kamfani kaza da kamfani kaza ta wayar hannu, wai a zuba kuɗi a ci riba.

Mu dai 'yan kasuwa ne, jikokin 'yan kasuwa. Idan aka kawo mana buhun dabino mukan kwance bakinsa mu zura hannu har ƙasa, idan kuwa raƙumi ne mu duba haƙoransa da ƙafafunsa da tozonsa kafin mu taya. To amma shi hannun jari ba a ganinsa, ba a taɓa shi, ba a ɗanɗana shi. Kasuwarsa tana can Alje, kusan kilomita 2,000 daga nan, ko a Abijan, ko a Legas, kuma abin da mai saye zai riƙe a hannunsa bai wuce 'yar takarda ko saƙo a waya ba. Yaya ke nan mutum zai tabbata abin da ya biya kuɗinsa shi aka rubuta masa, ba wani mai kama da shi ba? Amsar tana cikin wata lamba mai gurbi goma sha biyu da ake kira ISIN, wadda kasuwannin kuɗi na duniya suka yarda a riƙa liƙa wa kowane irin hannun jari da kowace takardar lamuni. Ita ce za mu yi bayani a kanta a wannan fitowa.

KAMA DA WANE BA TA WANE

Bari mu fara da dalilin da ya sa suna kaɗai ba ya wadatarwa. A kasuwar hannun jari ta BRVM da ke Abijan, wadda ƙasashe takwas masu amfani da kuɗin sefa suka yi tarayya a cikinta tun 1998, akwai bankuna shida da kowannensu ke amsa sunan Bank of Africa: na Nijar, da na Mali, da na Benin, da na Burkina Faso, da na Kwaddibuwa, da na Senegal. Kowanne kamfani ne mai zaman kansa, da farashinsa, da ribarsa, da asararsa. Wanda ya ce wa dillali kawai "saya mini Bank of Africa" bai faɗi kome ba tukuna. Haka MTN take: akwai uwar kamfanin a Afirka ta Kudu, akwai MTN ta Najeriya da ta shiga kasuwar Legas cikin 2019, akwai kuma ta Gana. Suna ɗaya ne, dukiya daban daban.

Su kansu gajerun laƙabobin da ake rubutawa a allon kasuwa ba su tsira daga ruɗani ba. A watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta kulle mutane a gida, jama'a a Amurka suka yi rububin sayen hannun jarin Zoom, kamfanin da ake taro da shi ta bidiyo. Laƙabinsa a allo shi ne ZM. Sai da dama daga cikinsu suka rubuta ZOOM, alhali wannan laƙabi na wani ɗan ƙaramin kamfani ne dabam mai suna Zoom Technologies, wanda bai haɗa kome da wancan ba. Farashin ƙaramin kamfanin ya yi tashin gwauron zabo babu gaira babu dalili, har sai da hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta dakatar da cinikinsa. Waɗanda suka saya da tsada sun yi asara, kuma babu wanda za su kama, tun da abin da suka rubuta shi aka ba su.

Amfanin alama wadda ba ta canzawa da harshe ko da nisa ba baƙon abu ba ne a gare mu. Duk mazaunin Abalessa ya san kushewar Tin Hinan da ke kan tudu a gefen gari. Da masu binciken kayan tarihi suka haƙa ta cikin 1925, daga cikin abubuwan da suka taras har da wani ɗan fallen zinari mai ɗauke da hatimin kuɗin Sarkin Rum Kwanstantin, wanda ya yi mulki a farkon ƙarni na huɗu, kuma wannan hatimi yana cikin abin da ya taimaka wa masana wajen kimanta shekarun wurin. Haka nan maƙwabtanmu Buzaye suke yi wa raƙumansu lalas da ƙarfe mai zafi, ta yadda ko a wace rijiya aka tsinci raƙumi za a san na wace zuriya ne. Sai dai akwai bambanci guda da ya kamata mu riƙe. Lalas yana faɗin mai kaya ne. Ita kuwa lambar ISIN tana faɗin irin kayan ne. Duk masu hannun jarin CPA, daga mai guda goma har mai dubu goma, lamba ɗaya ce a kan abin da suka mallaka.

YADDA ABIN YA SAMO ASALI

Wahala ce ta haifi wannan tsari. A shekarun 1960 ciniki ya bunƙasa a kasuwar New York, alhali kuwa duk abin da aka saya sai an ɗauki takardar shaidarsa da hannu daga ofishin wannan dillali zuwa na wancan, kowane ofishi kuma da irin lambar da yake ba kayansa a littafinsa. Takardu suka taru suka fi ƙarfin akawuna. A shekarar 1968 abin ya kai har kasuwar ta riƙa rufewa kowace Laraba tun daga watan Yuni har ƙarshen shekara, don kawai ma'aikata su rage aikin da ya taru. A watan Disamba na wannan shekara kayan da aka saya amma ba a miƙa wa masu su a kan lokaci ba sun haura dala biliyan 4, kuma kamfanonin dillalai da dama sun durƙushe a shekarun da suka biyo baya.

Tun 1964 ƙungiyar bankunan Amurka ta kafa kwamiti don ya fito da lamba guda da kowa zai yi aiki da ita, kuma a 1968 aka fara amfani da abin da ya fito da shi, wato lambar CUSIP mai gurbi tara. Sauran ƙasashe ma kowace ta yi tata: Ingila tana da SEDOL mai gurbi bakwai, Jamus tana da WKN mai gurbi shida, Faransa tana da Sicovam. Kowace ta yi maganin matsalar cikin gida, amma da kuɗi suka fara tsallaka iyaka sai tsohon ciwo ya dawo, domin banki a Landan ba ya gane lambar Faransa, na Faransa kuma ba ya gane ta Amurka.

Wannan ya sa aka fito da ISIN, wadda aka fara amfani da ita a 1981, kuma Hukumar Daidaita Ma'auni ta Duniya ta tsara ƙa'idarta a ƙarƙashin lamba ISO 6166. Da farko ba ta samu karɓuwa sosai ba, sai bayan mummunar faɗuwar kasuwanni ta watan Oktoba 1987, lokacin da wata ƙungiyar masana harkar kuɗi da ake kira G30 ta fitar da rahoto a 1989 tana ba ƙasashe shawarar su rungume ta. A 1992 hukumomin da ke ba da lambar a ƙasashe daban daban suka kafa ƙungiyarsu mai suna ANNA a ƙasar Beljiyam, don kada a sami lamba ɗaya a kan kaya biyu. Jamus da Faransa sun koma kan ISIN a kasuwanninsu cikin 2003.

ABIN DA KE CIKIN GURABEN GOMA SHA BIYU

Lambar ta kasu kashi uku. Gurbi biyu na farko haruffan ƙasa ne. Aljeriya DZ ce, daga sunan Dzayer da mutanen ƙasar ke kiranta da shi. Nijar NE ce, Najeriya NG, Mali ML, Amurka US, Ingila GB, Afirka ta Kudu ZA. A lura da kyau da NE da NG, domin harafi ɗaya ne tsakanin Yamai da Abuja.

Gurabe tara na tsakiya lamba ce ta cikin gida, wadda kowace ƙasa ke tsarawa yadda ta ga dama, da alƙaluma ko da haruffa ko duka biyu. Amurka ta ɗauki tsohuwar CUSIP ɗinta ta saka a nan. Alal misali, CUSIP ta kamfanin Apple ita ce 037833100, sai aka sa US a gaba, aka ƙara alƙalami ɗaya a baya, ta zama US0378331005. Ingila kuwa, da yake tata gurbi bakwai ce, sai ta cike da sifiri biyu a gaba. A Najeriya an fi son a cusa guntun sunan kamfani a ciki, shi ya sa ta kamfanin simintin Dangote take NGDANGCEM008.

Gurbi na ƙarshe shi ne wanda za mu kira mai gadi. Alƙalami ne guda da ake samowa ta hanyar lissafi daga sauran goma sha ɗaya, kuma aikinsa shi ne kama kuskuren rubutu. Wani injiniyan kamfanin IBM haifaffen Jamus, Hans Peter Luhn, shi ya ƙirƙiro dabarar a shekarun 1950, kuma da ita ake tantance lambar katin banki har yau.

Ga yadda ake yi, kuma ɗalibin makarantar firamare ma zai iya. Da farko a mai da kowane harafi lamba: A ita ce 10, B 11, haka har zuwa Z da take 35. Idan muka ɗauki NGDANGCEM00 za mu sami 23, 16, 13, 10, 23, 16, 12, 14, 22, 0, 0. Sai a jera su alƙalami bayan alƙalami, a faro daga dama, a ninka na farko sau biyu, a tsallake na biyu, a ninka na uku, haka har a kai hagu. Waɗanda za a ninka su ne 0, 2, 4, 2, 6, 3, 0, 3, 6, 3, sai su koma 0, 4, 8, 4, 12, 6, 0, 6, 12, 6. Duk inda aka sami 12 sai a haɗa 1 da 2 a rubuta 3. Jimlarsu ke nan 40. Waɗanda aka tsallake kuwa jimlarsu 12 ce. Duka an sami 52. Nawa ya rage a cika 60? Saura 8. To ga mai gadin nan, 8, kamar yadda yake a ƙarshen lambar.

Yanzu a ce akawu ya yi kuskure ya buga N a maimakon M. Jimla za ta koma 54, mai gadin da ya dace zai zama 6, alhali 8 ne a rubuce, nan take kwamfuta za ta ƙi karɓa. Amma mai gadin nan yana da inda yake gyangyaɗi: idan aka juya haruffa biyu da ke maƙwabtaka da juna, jimlar ba ta canzawa. Wanda ya rubuta GN a maimakon NG ya mai da Najeriya Gini ke nan, kuma lissafin zai wuce lafiya lau. Saboda haka lissafi ba ya hana a sake karanta lamba da ido.

SU WA KE BA DA ITA?

Kowace ƙasa tana da hukuma guda da aka ɗora wa wannan nauyi, kuma galibi ita ce babbar ma'ajiyar da ke riƙe da littafin masu hannun jari. A nan Aljeriya ita ce Algérie Clearing, wadda aka kafa a farkon shekarun 2000 don ta yi wa kasuwar Alje hidima. Ita kasuwar an kafa ta ne a 1997, kuma kamfanin magunguna na Saidal da otal ɗin El Aurassi suna cikin na farko da suka shige ta. A Najeriya kamfanin CSCS ne, wanda ya fara aiki cikin 1997. A ƙasashen sefa na yamma kuwa ma'ajiyar DC/BR ce da ke Abijan. Ƙasar da ba ta da irin wannan hukuma, akwai wasu manyan hukumomi da ANNA ta wakilta su ba da lamba a madadinta.

Abin lura shi ne, ga hannun jari haruffan farko suna bin ƙasar da aka yi wa kamfani rajista ne, ba ƙasar da yake aiki ko inda ake cinikinsa ba. Kamfanin Airtel Africa, wanda da yawanmu ke kiran gida da layinsa idan mun tsallaka Assamaka, yana kasuwar Landan da ta Legas tun 2019, amma lambarsa da GB take farawa, domin a Ingila aka yi masa rajista. Uwar kamfanin Ecobank tana Lome, saboda haka lambarta da TG take farawa, ko da yake ana cinikinta a Legas da naira, a Akra da sidi, a Abijan da sefa. Lamba ɗaya ce a kasuwa uku.

Akwai kuma haruffan da ba na wata ƙasa ba ne. Idan gwamnati ta je kasuwar duniya neman rance da dala, kamar yadda Najeriya ta fara yi a watan Janairu 2011 da takardun lamuni na dala miliyan 500, akan ajiye takardun a manyan ma'ajiyoyi biyu na Turai, Euroclear a Beljiyam da Clearstream a Lukzambur, kuma lambarsu da XS take farawa.

ABIN DA LAMBAR BA TA FAƊA

A nan ne ya kamata mu buɗe kunne. Lambar ISIN ba ta faɗin farashi, ba ta faɗin kasuwa, ba ta faɗin irin kuɗin da ake ciniki da shi. Don haka aka yi mata 'yan rakiya. Kowace kasuwa tana da tata lamba mai haruffa huɗu, kamar XNYS ta New York da XLON ta Landan. Akwai wata mai haruffa shida da ake kira CFI, wadda ke bayyana nau'in takarda: idan ta fara da E hannun jari ne, wato mutum yana da rabo a cikin kamfani, riba da asara, idan ta fara da D bashi ne ya bayar. Ga mai son ya san ko akwai kuɗin ruwa a cikin abin da zai saya, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Takardun sukuk ma, irin waɗanda gwamnatin Najeriya ta fara fitarwa a 2017 na naira biliyan 100 don gina hanyoyi, suna da lambarsu kamar kowace takarda. Amma lamba ba fatawa ba ce. Halasci ko haramci maganar malamai ce.

Akwai kuma lambar LEI mai gurbi ashirin, wadda ke nuna shi kansa kamfanin, ba takardarsa ba. Ita ma wahala ce ta haife ta. Da bankin Lehman Brothers na Amurka ya rushe a watan Satumba 2008, sai aka taras yana da ɗaruruwan ƙananan kamfanoni masu sunaye iri iri, har bankunan da ke bin sa bashi suka kasa sanin adadin abin da suke bi cikin gaggawa. Shugabannin ƙasashen G20 suka amince da sabuwar lambar a 2012.

Mafi muhimmanci duka, samun lamba ba shaidar nagarta ba ne. Lehman ɗin nan yana da lambarsa lafiyayya ranar da ya faɗi. Mutanen arewacin Najeriya da dama sun sayi hannun jarin bankuna a shekarun 2005 zuwa 2007, kasuwa ta karye a 2008, sannan a watan Agusta 2011 hukuma ta karɓe Afribank da Bank PHB da Spring Bank, masu hannun jari suka tashi a tutar babu. Duk bankunan nan suna cikin kasuwa bisa ƙa'ida. Raƙumi mai lalas ma yana iya zama gurgu.

Amma fa rashin lambar babbar alama ce. Tsarin MMM da ya daskarar da kuɗin 'yan Najeriya a watan Disamba 2016, da CBEX da ya rufe da kuɗin jama'a a watan Afrilu 2025, duk sun yi ta kiran abin da suke yi da sunan zuba jari, alhali babu wata takarda mai rajista a ma'ajiya da mutum zai nuna ya ce ga abin da na saya. Wannan shi ne cinikin biri a sama.

LAMBA MA DUKIYA CE

Mai karatu zai iya zaton waɗannan lambobi kyauta ne kamar lambar gida. Ba haka abin yake ba ko'ina. A Amurka wanda ke gudanar da CUSIP yana karɓar kuɗin lasisi daga bankuna da kamfanonin da ke amfani da bayanan. Hukumar Tarayyar Turai ta binciki kamfanin Standard & Poor's, wanda ke riƙe da aikin a lokacin, kan tsadar kuɗin da yake caji a kan lambobin Amurka, har a 2011 ya ɗauki alkawarin sassautawa. A 2022 kuma kamfanin FactSet ya sayi wannan aiki a kan kusan dala biliyan 2. Wannan kaɗai ya isa ya nuna darajar abin. Da waɗannan lambobi ne bankuna ke biyan juna, hukumomi ke bin sawun ciniki, har gwamnatin Amurka kan sa su cikin jerin takardun da ta hana 'yan ƙasarta saye idan ta ƙaƙaba takunkumi. Ga ɗan kasuwa irinmu dai duba lamba ɗaya ba ya cin ko sisi, domin kasuwannin Alje da Abijan da Legas suna wallafa lambobin kamfanonin da ke cikinsu, ita ma ANNA tana da wurin dubawa a intanet.

MAGANAR MAGADA

Akwai wani ɓangare da ya shafe mu fiye da kowa, mu da rayuwarmu ta rabu tsakanin ƙasa biyu ko uku. Sunan kamfani yana mutuwa. Dattawan Kano da suka sayi hannun jarin Bank of the North sun wayi gari a 2006 bankin ya narke cikin Unity Bank tare da wasu bankuna takwas. Masu na kamfanin simintin Binuwai sun koma masu na simintin Dangote a 2010. Idan mai kaya ya rasu a nan, iyalinsa suna Tamanrasset, takardarsa tana cikin adaka a Zinder ko Katsina da sunan kamfanin da babu shi, to magada sun shiga yawo. A 2023 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Najeriya ta ce ribar da masu ita ba su karɓa ba ta kai naira biliyan 190. A cikin wannan kuɗi akwai haƙƙin marayu.

Lamba ta fi suna daɗewa. Da Facebook ya koma Meta a 2021, ya kuma sauya laƙabinsa na allo daga FB zuwa META a 2022, lambarsa US30303M1027 ba ta motsa ba. Idan kuwa kamfani ya haɗe da wani, akan soke tsohuwar lamba a ba da sabuwa, amma ma'ajiya tana riƙe da tarihin abin da ya koma mene, don haka mai tsohuwar lamba a hannu yana da bakin zaren da zai bi.

SHAWARARMU

Duk wanda aka yi wa tallar hannun jari ko takardar lamuni, ko a banki ne ko a waya, ya fara da cewa a rubuta masa lambar ISIN ɗinta. Ya ƙirga gurabenta, ya ga goma sha biyu ne. Ya duba haruffa biyu na farko, ya ga ko sun dace da ƙasar da aka ce masa kamfanin yake, in ba su dace ba ya tambayi dalili. Sannan ya sa wani yaro mai ilimi ya duba masa a jerin da kasuwar ta wallafa, ya ga ko sunan da ke gaban lambar shi ne aka faɗa masa. Ya tabbata kuma dillalin yana da rajista: a Aljeriya wurin hukumar COSOB, a Najeriya wurin SEC, a Nijar da sauran ƙasashen sefa wurin AMF-UMOA. Bayan an gama ciniki ya dubi takardar da aka ba shi, ya ga lambar da ke kanta ita ce wadda ya nema.

Daga nan sai ya sami littafi ya rubuta abu huɗu: lambar takardar, da adadin da ya saya, da sunan dillali ko bankin da ke riƙe masa, da lambar asusunsa a ma'ajiya, wadda a Najeriya ake kira CHN. Wannan ta ƙarshe ita ce lalas ɗinsa, ita ke nuna kayan nasa ne. Ya nuna wa babban ɗansa ko wani amini inda littafin yake, kamar yadda iyayenmu ke sanar da iyali bashin da suke bi da wanda ake bin su kafin ayari ya tashi.

Dillalin kirki ba zai ji haushin waɗannan tambayoyi ba, domin lambar tana gabansa a kwamfuta, minti ɗaya ya ishe shi. Wanda kuwa ya fara kame kame, yana cewa ai wannan sabon tsari ne ba ya bukatar lamba, ko a yi sauri kada dama ta wuce, to a riƙe kuɗi a aljihu a yi masa sallama. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, Ya sa albarka a cikin nemanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.